Ka biya babban mawaƙi ko ka haɗa kai da sa'anka?

Ƙanina, batun ko ka biya babban mawaƙin hip hop ya sa maka baiti ko ka yi kolabo da yaron nan na garin da ke kusa da ku, ni dai shawarata ka ɗauki yaron, kar ma ka tsaya dogon lissafi.

Duk biyun na taɓa yi. Waƙata da har yau ake sakawa a gidan biki a yankinmu da wani abokina na wajen Ringim muka yi ta, a wani ɗan situdiyo da janareto ke mutuwa ana tsakiyar ɗauka. Muna zaune kan tabarma ɗaya kowa ya rubuta bar 16 ɗinsa, wato baiti mai layi 16, da ya ji nawa sai ya yage takardarsa ya ce wallahi ba zan binne shi a kiɗa ɗaya ba, ya sake sabo, ni ma da na ji sabon nasa dole na koma na ɗaure ƙarshen nawa, daga nan muka shiga karɓe-karɓe, layi ɗaya ni layi ɗaya shi har amshi ya shigo, furodusan kansa sai da ya miƙe tsaye. Wannan zafin ba ka samunsa a baitin da aka ɗauka a wani gari aka turo maka, don shi mai turowa sau da yawa kiɗan kawai ya ji, bai ma san me kake faɗa ba.

Kuma da waƙar ta fita shi ya fi ni wahala a kanta, tunda tasa ce. Ya bi shagunan caji na garinsu ya ba masu turi, ya bi masu DJ na biki, ranar kasuwa yana tsaye yana tura wa samari ta Xender. Ai ka san a ƙauye ta memori waƙa ke yawo, mutum nawa ne ke da datan zama kan manhajar sauraron waƙa ta Audiomack? Kai kana da garinka shi yana da nasa, kun ga gari biyu kenan a kuɗin situdiyo ɗaya. Ko su DJ AB da ƙungiyarsu ta mawaƙa YNS (Yaran North Side) a Kaduna haka suka taso, sa'annin juna ne suna shiga waƙoƙin juna har Arewa ta san su gaba ɗaya.

Na babban mawaƙin da na biya kuwa, to, baitin ya yi kyau ba zan ci haƙƙinsa ba, amma kuɗin riɗina na kaka guda ya tafi kuma ko sau ɗaya bai ɗora waƙar a shafinsa ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole na faɗa maka, ka yi hankali da masu cewa su manajan wane ne a Instagram da Facebook. Za su sa hoton mawaƙi, su yi maka farashi mai sauƙi har ka ji kamar tsuntsu ne daga sama gasasshe, su ce ka tura rabi kafin alƙalami, kana turawa sai bulok. Wasu kuma tsohon baitin da mawaƙin ya riga ya fitar za su yanko su liƙa maka a kan kiɗanka, ranar da mai shi ya kai ƙara a sauke waƙar kai ne da asara. In ba ka ga mawaƙin da idonka ba ko a bidiyo kol yana ambaton sunanka da sunan waƙar, ko sisi kar ka tura, kuma sunan da ke kan akawun ɗin ka duba shi da kyau.

Kuɗin da ka tara ka zuba shi a miksin mai kyau, wato haɗawa da daidaita sautin waƙar, ko da Zoo Road za ka kai a Kano, sauran ku ɗauki ɗan bidiyo. Shi ma yaron kar ka ce ai na gida ne, ku rubuta a takarda gaban shaidu kason kowa, da wanda zai ɗora waƙar a shafinsa, da wanda ya biya kiɗa, saboda waƙa na fara kawo kuɗin wasa rigimar ke tashi. In dole sai ya turo murya daga nesa to ya turo WAV, wato sautin da ba a matse ba, a matsayin fayil, kar ya yi maka ta boyis not, WhatsApp matse sauti yake yi.

In kun gama ka turo min na ji kafin ku sake ta.