Raunin tsufa ko iya hidimar kai: wanne ke nuna nauyin aikin nas?

Sista, sannu da aiki. Kin ce ke kike tsara jadawalin nas-nas a ɗakin mata na wani asibiti a nan Kaduna, kuma ƙidayar gado ta daina yi miki amfani: gado 20 yau aiki salin-alin, gado 20 gobe kowa ya jigata. Kina son sanin wanne ya fi dacewa ki auna, raunin jikin mara lafiya ko abin da yake iya yi wa kansa.

In don rabon aikin gobe da safe ne, ɗauki ma'aunin Barthel. Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fitar da shi a Amurka a 1965, kuma abu 10 yake dubawa: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa kaya, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, da hawa matakala. Maki daga 0 zuwa 100, mai 100 ba ta buƙatar hannun kowa. Daɗinsa, duk abin da mara lafiya ta kasa a cikin goman nan, aiki ne ya hau kan wata. Wadda ba ta iya motsawa sai an juya ta kusan duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta, kuma sau da yawa juyin na mutum biyu ne. Makin yana sauyawa cikin kwanaki, don haka ana sake shi.

Ma'aunin rauni na Kenneth Rockwood, daga Jami'ar Dalhousie ta Kanada, ya fito a 2005 da mataki 7, daga baya aka mai da shi 9. Shi ba halin yau yake tambaya ba, sai yadda mutum yake mako biyu kafin ciwon ya kayar da shi. An yi shi ne don masu shekara 65 zuwa sama, ba zai yi miki aiki a kan budurwa mai sikila ko wadda ta faɗo daga babur ba.

Ɗauki tsofaffi biyu, kowacce maki 30 a Barthel. Ɗaya har makon jiya tana zuwa Kasuwar Barci da ƙafarta, ciwon huhu ne ya kwantar da ita. Ɗayar ta shekara jikoki ke kai ta banɗaki. Yau aikinsu ɗaya ne. Ta farko ana sa ran ta miƙe in magani ya karɓe ta. Ta biyu ita ce za ta iya daɗewa, ta rikice da dare, ta yi ƙoƙarin sauka daga gado ta faɗi. Wannan bambancin ma'aunin Rockwood ke nuna shi, Barthel ba ya ganinsa, domin halin yau kawai yake dubawa kuma ba ya auna hankali ko kaɗan. Kuma wadda ta rikice tana yawo takan cinye lokacin nas fiye da wadda ke kwance shiru.

Duka ma'aunan biyu ba sa ƙirga allurar jijiya, ƙarin ruwa, ƙarin jini da wankin ciwo, waɗannan sai ki lissafa daban.

Ni dai da zan yi Rockwood sau ɗaya ranar ba da gado, Barthel kuwa kullum wajen miƙa aiki. Sannan ki ja wani layi a takardar, wanda masu ma'aunan ba su saka ba: akwai mai jinya ko babu? A nan 'ya ko kishiya ko suruka ce ke wanka da ba da abinci, sai maki 30 ya zama rabin aiki. Ki rubuta har da ko mai jinyar na kwana, don wasu da an yi isha'i suke tafiya gida.