Sharhi: Gidan tarihin Bubu Hama a idon mai koyon zane

Ɗalibin da ya shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai yana sa ran ganin zanen fenti jere a bango, irin na manyan gidajen Turai da ake nuna mana a littafi, zai fito yana ƙorafi. Gidan ba don wannan aka yi shi ba. An buɗe shi a 1959, Pablo Toucet ne ya fara riƙe shi, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Fili ne mai faɗin hekta 24 ko kusa da haka: ɗakunan nuni a warwatse, ga namun daji, ga samfurin gidajen gargajiya, ga masu sana'ar hannu suna aiki a idon jama'a. A ganina, in dai horar da ido da hannu ake so, babu inda ya kai shi a Yamai, amma fa sai ga wanda ya je da fensir. Mai ɗaukar hoto da salula ya wuce ba ya ƙaruwa da komai.

Kayan da za a ɗauka ba su da yawa. Kaye mai bango mai tauri, domin ba teburi za a samu ba, da takarda mai nauyin giram 120 zuwa 160 a kowane murabba'in mita. Takardar fotokofi ta giram 80 ba ta jure gogewa, sau biyu sai ta yi gashi. Fensir uku sun isa: HB na shimfiɗa layi, 2B na siffa, 4B na inuwa. Gawayi yana da daɗin aiki amma yana shafewa da zarar an rufe kaye, sai an fesa masa abin kama shi ko an sa farar takarda tsakanin shafuka. Mai fentin ruwa ya nemi takardar giram 300, kuma ya sani a hunturu iska tana busar da fentin kafin buroshi ya koma, sai ya bar gefe mai kauri a tsakiyar aiki. Maganinsa a dama launin da yawa tun farko, a jiƙa takardar, a yi shafa ɗaya a bar ta. Da bazara kuwa zufa ce matsalar. A sa guntun takarda ƙarƙashin hannu.

A shiga da safe. Hasken hantsi yana faɗowa a kaikaice kan ginin fari da shuɗi mai adon ginin Hausa, inuwa ta fito da kowane lungu. Rana na take tsaka komai ya baje, farar takarda kuma ta riƙa kashe ido. A tambayi lokacin hutun rana tun a bakin ƙofa, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto a cikin ɗakuna.

Ɗakin tufafi shi ya fi cancantar a daɗe a ciki. Babbar riga mai aska takwas darasi ce cikakkiya a kan tsara fili: askakin suna gangarowa daga wuya ta gefen aljihu, zagayayyen ɗinkin nan da ake kira tambari yana can ɗaya gefen shi kaɗai, sauran ƙyallen an bar shi fayau. Kuskuren sabon ɗalibi shi ne ya fara da ƙananan ɗinki, kafin ya kai rabi takarda ta ƙare. A fara auna faɗin rigar da tsawonta, a sa aljihu a matsayin murabba'i, a ja askakin da layi ɗaya-ɗaya, a ƙirga su, sannan a shiga cikin aikin. Rawanin Abzinawa na turkuɗi wata jarrabawa ce daban. Ƙyallinsa daga bugu yake zuwa, baba ce aka daka cikin zane har ta yi sheƙi kamar ƙarfe, don haka wanda ya cika shi da 4B baki ɗaya zai samu baƙin tsumma kawai. Dole a bar farin takarda a kan kowane tudun naɗi. Inda kaya ke cikin gilashi, a tsaya a ɗan kaikaice, in ba haka ba inuwar mutum ce za ta rufe abin da yake kallo.

A ɗakin kayan kiɗa, kalangu ya fi komai tona asirin hannu: bakinsa biyu da'ira ce da ake gani a karkace, kuma tsarkiyar ba ta bin ƙugun icen, tana tafiya daga baki zuwa baki.

Sai ƙasusuwan dabbobin da. Ouranosaurus, wani nau'in dinoso wanda masanin ƙasusuwan da Philippe Taquet ya tono a Gadufawa ta yankin Agadas, ya kai kimanin mita 7, da dogayen ƙasusuwa a tsaye bisa gadon baya. Akwai kuma Sarcosuchus, katon kadan nan na zamanin da. Abu mai wannan girma ba a zana shi daga kusa, kai zai fito ƙato, wutsiya ta tsuke. A ja da baya har ya shiga ido gaba ɗaya, a miƙe hannu sosai da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna tsawon kai, a ga sau nawa ya shiga cikin jiki. In gwiwar hannu ta lanƙwashe tsakanin awo da awo, lissafin ya rushe. Ragowar iccen Tenere, iccen nan da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973, yana nan a rumfarsa, ya dace da gwajin zanen ɓawo. Wajen namun daji kuwa, zaki da dorina ba sa jiran kowa, zanen rabin minti ake yi, layin baya da nauyin jiki, a juya shafi.

Rumfunan masu sana'a su ne abin da littafi ba zai bayar ba. Maƙerin farfaru yana siffanta kuros ɗin Agadas ko na Tawa, abin wuyan nan na azurfa, da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In yumɓun bai bushe sosai ba, tururi yana barin ramuka a jikin ƙarfen. In azurfar ta fara hucewa, ba ta kaiwa ƙarshen siraran rassan. Ana fasa yumɓun ne kafin a ciro abin, shi ya sa babu biyu da suke daidai. Bayan nan sai gyara da magagari da sassaƙa ado. Dukawa suna gefe da jar fata, masaƙa suna jefa ƙoshiya. Waɗannan mutane abincinsu suke nema, don haka a gaisa tukuna, a ce "Baba, ko zan iya zama nan in zana hannunka?", a zauna inda ba a tare wa masu saye hanya ba. In da hali a sayi ɗan zobe ko laya kafin a tashi.