Yadda Italiya ke tsare sunan giyar Barolo

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, kun nemi in ba ku labarin hajar da ake tinƙaho da ita a yankin Langhe na lardin Piemonte, kusa da garin Alba, inda nake aikin gonar inabi. Hajar ita ce jar giya mai suna Barolo. Kun san ba na sha, don haka ba zancen ɗanɗanonta zan yi ba, tsarin da ke bayan kwalbar ne ya ɗauki hankalina a matsayina na ɗan gidan 'yan kasuwa.

Ba kowa ke da ikon rubuta wannan suna a kwalba ba. Dole inabin ya kasance irin Nebbiolo zalla, kuma an noma shi a ƙananan hukumomi 11 da doka ta ambata, cikinsu har da La Morra da Serralunga d'Alba da Barolo kanta. An hana manomi ya girbi fiye da tan 8 a hekta ɗaya, shi ya sa muke tsinke wasu nonnan inabin tun suna ɗanyu mu zubar, abin da manomin gida zai kira asara. Bayan girbi, wanda yakan kai watan Oktoba, sai giyar ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako, kafin a yarda a sayar da ita, wadda ake kira Riserva kuwa sai ta yi wata 62. Ku lura da nauyin wannan sharaɗi, Kawu: mutum ya biya leburori, ya kashe kuɗin gona, sannan ya jira fiye da shekara uku bai ga ko sisi ba, mai saye ma yakan ƙara ajiye ta shekara goma ko ashirin.

Darajar tana da tarihi. A ƙarni na 19 manyan masu ƙasa irin su Giulia Falletti, uwargidan gidan sarautar Barolo, da Camillo Cavour, wanda ya zama firaministan Italiya na farko a 1861, suka inganta yadda ake yin ta har ta shiga fadar sarakunan Savoy. Ta sami shaidar DOC, wato shaidar gwamnati da ke tsare sunan giya da asalinta, a 1966, sannan DOCG, matakin ƙoli na irin wannan shaida, a 1980. A wuyan kowace kwalba akwai tambarin gwamnati mai lamba, wanda da shi ake gano inda ta fito. A 2014 UNESCO ta sanya tuddan nan cikin wuraren tarihi na duniya, kuma hekta ɗaya a gonakin da suka yi suna tana kaiwa miliyoyin yuro, ko da yake kaɗan ne daga wannan arziki ke isowa hannun mu masu tsinka.

Da na ga haka sai na tuna fatar jar akuyar Sakkwato, wadda aka daɗe ana ƙetara Sahara da ita, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, sunan waɗanda suka jeme ta ya ɓace a hanya. Nijar ta yi dabara da ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista, sai dai rajista kaɗai ba ta isa ba. A nan Italiya akwai masu bincike da ke zuwa gona su duba yawan amfani, kuma kwamiti yana gwada giyar kafin a ba da tambari. Wadda ta faɗi gwajin ba za ta fita da sunan Barolo ba.