Burushin haƙori mai caji a wasan cakulkulin ma'aurata, wanne ya fi?

Ni dai tun farko ba don wasa na sayi burushin nan ba, likitan haƙori ne ya ce ina dirza dasashina da ƙarfi shi ya sa yake jini, na koma mai caji. To ranar da ya iso ina zaune bakin gado na kunna in ji ƙarfinsa, Oga ya miƙe ƙafa yana danna waya, shaiɗan ya raya min na ɗan goga masa a tafin ƙafa. Wallahi mutumin da ko dariya sai ya ga dama, sai ga shi ya yi tsalle har waya ta faɗi ƙasa yana cewa ke baki da hankali ne. Bayan ya huce kuma shi da kansa ya ce kawo in rama. Daga nan abin ya zame mana wasa, yanzu har burushi uku suka bi ta hannunmu.

Iri biyu ne manya a kasuwa. Akwai mai zagayayyen kai irin na Oral-B, kan yana juyawa hagu da dama da sauri, sai kuma mai dogon kai irin na Philips Sonicare wanda shi karkarwa yake yi, kusan sau 31,000 a minti ɗaya. Wajen wanke baki kowa da nasa, amma a cakulkuli gaskiya ba ɗaya suke ba. Mai zagayen nan kamar susa yake, yana tsayawa wuri guda ya ci wurin, ya fi dacewa da tafin ƙafa inda fata take da kauri, musamman masu kaushi. Sai dai yana da ƙara, in gidan haya kuke ko ɗakin yara na jikin naku to ku sani ana jin ku. Mai karkarwar kuwa shiru-shiru ne, zuuu kawai, kuma ko gashin bai taɓa jiki sosai ba tsikar jikinka sai ta tashi. Tsakanin yatsun ƙafa, gefen wuya, haƙarƙari, nan ne gidansa. Su kansu kamfanin sun san yana sa cakulkuli a baki, shi ya sa suka sa masa tsarin da zai fara a hankali yana ƙara ƙarfi cikin wanke baki 14 na farko. Ni shi na zaɓa, Oga kuma har gobe mai zagayen yake so a yi masa.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba sai da muka fara: agogon ciki. Yawancinsu minti biyu aka saita musu, duk daƙiƙa 30 kuma su ɗan yi tsam su ci gaba. Namu mai karkarwa yana cika minti biyu yake kashe kansa, sai muka mayar da shi alkalin wasa, in ya mutu an canza hannu, babu zancen ke kin fi daɗewa. Kuma ku yarda da ni minti biyu a tafin ƙafa ba kaɗan ba ne, kamar shekara.

Na ukun shi ne kuskurena. Wani mai arha na tsinta a shago, mai batirin AA, ko suna mai kyau babu a jiki, na ce tunda wasa ne me zai sa in kashe kuɗi. Gashinsa kamar tsintsiyar kwakwa, ga shi lokacin hunturu ne fata ta bushe, ya kankare min gefen ƙafa sai da na kwana biyu ina shafa man kaɗanya. Maɓallin kashewarsa ma sai ka danna sau uku ka bi ta duk matakan ƙarfi kafin ya mutu, ni ina cewa ya isa shi yana ta lalube. Don haka in za ku saya ku duba kai mai laushi, wanda ake sayarwa don masu ciwon dasashi, ku duba yana da matakin ƙarfi na ƙasa, kuma dannawa ɗaya ta kashe shi. Ƙarfi da yawa ba shi ne daɗi ba, in ka danna shi a jiki ma cakulkulin tafiya yake ya koma zafi, a hankali ake bi da bakin gashin kawai. Ɗan basilin a ƙafa yana taimakawa. Wurin da akwai faso ko ciwo ko ƙurji kuwa a bar shi, haka fuska da cikin kunne.

Zancen tsafta ba sai na faɗa ba amma zan faɗa, kan da ya taɓa ƙafa ba ya komawa baki. Kawunan ana cire su, na ɗaura wa na wasan jan zare na ajiye shi a durowa daban.

Sai maganar da ta fi min komai. Dariyar cakulkuli ba yarda ba ce, jiki ne yake yinta ko mutum yana jin azaba, kuma mai dariya yana cewa bari bari ba ka gane da gaske yake ko wasa. Mu kalma muka ajiye, in ɗaya ya ce "tattasai" an tsaya nan take ba ƙarin ko daƙiƙa, in numfashi ya hana magana a bubbuga katifa sau biyu. Mai asma ko juna biyu a yi hattara sosai, wanda kuma ya ce shi ba ya so sam to a ƙyale shi, akwai mutanen da abin yake ɓata musu rai da gaske.

Caji kuma ba matsala, namu yana kai wajen sati biyu ko NEPA ta yi halinta. Abin lura kawai wasu suna zuwa da filogi mai ƙafa biyu irin na banɗakin Ingila, sai da na aika yaro ya sayo min adafta kafin ya shiga soket ɗinmu.