Wasiƙa daga Hustan: injin Silverado a cikin Mazda RX-8

Maigida, Allah ya ƙara girma. Ina fatan an tashi lafiya, da iyali da yaran gareji baki ɗaya.

Ka tambaye ni abin da na fi kewa tunda na zo Amurka. Da sai in ce tuwo, amma tun da na ɗauko wannan aiki, wallahi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa nake kewa.

Na sayi Mazda RX-8 ƙirar 2004 da arha saboda injinta ya mutu. Injin nan ba irin wanda ka koya mana ba ne. Ba shi da fistin ko ɗaya, wasu ƙarafa ne biyu masu kusurwa uku suke juyawa a ciki, lita 1.3 kacal. Idan 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin suka cinye, matsi ya zube, sai ta ƙi tashi, musamman in ta yi zafi. Mutanen nan da yawa ba sa wahalar gyara shi, cirewa suke su dasa injin kamfanin General Motors (GM) mai silinda takwas da ake kira LS. An fara sa shi a Corvette a 1997, daga baya aka yi mai lita 5.3 aka zuba a motar ɗaukar kaya ta Silverado da kuma Tahoe bila adadin, shi ya sa ya cika wuraren 'yan gwangwan.

Wurin 'yan gwangwan ɗin kansa abin kallo ne. Fili ne fetal, motoci a jere bisa tsari, na GM gefe guda, na Japan gefe guda. Ka biya 'yan daloli a ƙofa, ka shiga da sifanoninka, ka kwance abin da kake so da hannunka. Farashi a rubuce yake, babu tayi, babu albarka. Ranar farko na ce wa yarinyar da ke karɓar kuɗi ta rage mini, ta dube ni kamar na yi saɓo. Kafin ma ka fita daga gida, a waya za ka duba wace mota ta shigo. Kowace mota tana da lamba mai harafi 17, a motar GM na takwas shi ke faɗa maka injin da ke cikinta. A gida kuwa mai shago ya ce maka ɗan Beljiyam ne, ka leƙa bakin mai, ka yi bismilla ka biya.

Inda lissafina ya karye shi ne na zaci injin ne mai tsada. Ashe shi ne mafi arha. Na motar ɗaukar kaya ƙarfen zubi ne, ya fi na alminiyam nauyi da kusan kilo 45, kuma kansa ya yi tsawo, bonet ba zai rufu ba. Kaskon baƙin mai na ƙasa ma ya yi zurfi, sai an canza. Ga giyabos mai giya shida, T56, da ake cirowa daga Camaro ta 1998 zuwa 2002, kuɗinta ya ninka na injin. Ga kuloci, lagireto, farfela da za a yanke daidai tsayi, da birenbos, wato kwamfutar injin, da sai an goge masa makullin ɓarayi kafin ya yarda ya tashi a motar da ba tasa ba. Har na sayi wayarin wurin wani a intanet, ya zo da soket biyu a yanke, mutumin kuma ya daina amsa saƙo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne injin sit, wato mazaunin injin. Ƙarfe biyu ne fa, da mai walda a Fanteka zai auna da ido ya ƙera kafin la'asar, ka ba shi na abinci da ɗan abin da ya samu. A nan aikin hannu da awa ake biya, ya kan haura dala 100, don haka dole na yi odar shiryayye na jira shi mako uku. Gaskiya kuma da ya zo, ramin noti ɗaya bai kauce ba. Wani abin da ya burge ni, shagunan sifiya irin AutoZone suna ba da aron kayan aiki, ka ajiye kuɗi, ka dawo da kaya a mayar maka da kuɗinka cif.

Saura hukuma. A Hustan duk shekara sai an gwada hayaƙin motar fetur mai shekara 2 zuwa 24, kwamfuta suke jonawa, ita ce ke ba da shaida. Saboda haka ba zan fasa tukunyar salansa in zubar da abin tace hayaƙi na ciki ba kamar yadda muke yi.

Yanzu injin yana rataye a garejin maƙwabcina, wayarin ne ya tsaya mini. Don Allah ka sa mai rewaya na bayan shagonmu ya kira ni ta WhatsApp ranar Lahadi bayan isha'inku, in nuna masa soket ɗin. A gaida Hajiya.

Yaronka.