Gargaɗi: masu tallar "mashin ɗin dogaye" a waya 'yan damfara ne

Jama'ar Ringim, Taura, Gujungu da ƙauyukan kewaye, musamman matasan da suka sayar da riɗi ko zoɓo bana suke shirin sayen mashin ɗinsu na farko, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp suna tallar abin da suke kira "mashin ɗin dogaye". Gyaran babura ne sana'ata, kuma ina tabbatar muku cikin Boksa, TVS, Haojue da Jincheng da muke hawa a nan, babu wanda ake fitar wa da samfurin dogaye daban.

Ga yadda suke yi. Za su sa hoton mashin yana ƙyalli, sirdinsa a ɗage, su rubuta cewa gwanjon Kwastan ne, saura biyu kacal. Farashin kuma bai kai rabin na kasuwa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, sabuwar Boksa ta haura Naira miliyan ɗaya, to wanda ya ga rabin kuɗi dole ransa ya biya. Da ka yi magana, tambayar farko ita ce tsawonka. A nan dabarar take. Duk dogon da ya taɓa aron roba-roba ya san yadda gwiwa ke dukan kan mashin, ya san dariyar da 'yan majalisa suke yi idan ya wuce a takure. Da wannan kunyar suke kama mutum.

Wani matashi daga ƙauyen da ke gabas da mu, dogo ne sambal, ya nuna mini hirarsu a wayarsa. Mutumin har saƙon murya ya turo, da taushin harshe: "Haba ɗan uwa, ai kai ba kowane mashin ne naka ba. Wannan don irinku aka yi shi. Wani Alhaji ma yana nema, amma na fi so ya zo hannunka." Ya nemi kafin alƙalami Naira 150,000, yaron ya je wurin mai POS ya tura. Washegari aka ce direban da zai ɗauko mashin daga Legas yana son kuɗin mota. Ya tura. Sai aka ce an tare su a hanya, sai an biya kuɗin takarda. A nan ne mahaifinsa ya ji labari, ya ce: "Kai yaro, wa ya taɓa cinikin biri a sama?" Yaron ya nemi a nuna masa mashin ɗin ta kiran bidiyo, daga nan aka toshe lambarsa. Rabin kuɗin riɗinsa ya tafi ke nan. Hukumar Kwastan kuwa ta sha yin shela cewa ba ta gwanjo ta shafukan sada zumunta, kuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum.

Kashi na biyu na wannan damfara ya fi ba ni tsoro, don shi mashin ɗin yana nan, za ka gan shi ka taɓa. Ranar kasuwa ake kawo shi, ba rumfar dillalai ba, can gefe bayan 'yan awaki. Na duba guda a garejina. Tsohuwar Jincheng ce aka yi wa fenti, aka cusa wa sirdin soso har ya yi tozo, sannan aka kai wa mai walda ya ƙara wa shok ɗin baya guntun ƙarfe don bayan ya ɗaga. Fentin wurin waldar ko bushewa bai gama yi ba, da farce na kankare shi. Irin wannan ƙari yana canza zaman cen, yau ya yi sako-sako gobe ya ɗaure, ga birkin baya ba ya kamawa yadda ya kamata. Ranar da aka ɗora buhu biyu aka faɗa rami a guje, wurin waldar ne zai fara ɓallewa, kuma ɗan koyo ne a kai. Da na leƙa wuyan mashin ɗin, inda ake buga lambar shasi, sai na tarar an goge wurin ya yi sumul an sake buga wasu lambobi a karkace. Wannan ko tantama babu na sata ne. Wanda 'yan sanda suka kama da shi, shi zai kwana a ofis yana bayani, mai sayarwa ya daɗe da canza layi.

Abin da dogaye ba su sani ba shi ne, wajen koyo su ke da riba. A yashin hanyoyinmu, wanda ƙafarsa ke kaiwa ƙasa da sauƙi ya fi gajere tsira idan tayar gaba ta fara rawa. Matsalar dogo ta zama ce kawai, ita kuma ba a gane ta a hoto. Hau ka zauna. Ɗora ƙafafu kan mataki, ka juya kan mashin har ƙarshe dama da hagu, ka ga ko ya taɓa gwiwarka. Taka birki, ka sa giya, ka ji ko sai ka murɗe idon sawu. Mashin mai dogon sirdi shimfiɗaɗɗe irin Boksa yana ba ka damar ja da baya kaɗan, shi ya sa dogaye da yawa cikin 'yan acaɓa suke samun sauƙinsa. Idan da ɗan saura, bakanike zai sassauta kan ya gyara masa zama, ya daidaita ƙarfen giya da na birki, mai ɗinkin sirdi ya ƙara soso daidai misali. Duk wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ba a taɓa shok. Kada kuma a ruɗe ka da cewa dogo sai babban inji. Mashin mai ƙaramin inji, 100cc ko 125cc, ya ishi ɗan koyo, ya bar maka ma rarar kuɗin sayen hular kwano.

In sabo za ka saya, je shagon da ke da mazauni, a Kano ko Dutse ko Haɗeja, a buɗe kwali a gabanka a ba ka rasit mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, ka duƙa da kanka ka gwada su da na jikin mashin. In na hannu ne, tafi da bakanikenka, a yi ciniki gaban shugaban dillalai da shaidu, a rubuta takarda, mai sayarwa ya kawo rasit na asali da wanda ya san gidansa. Duk wanda ya ce sauri yake yi ba zai jira wannan ba, bar masa kayansa.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa ko wurin mai POS ɗin a ranar, ya karɓi shaidar turawa, ya ajiye hirar da saƙonnin murya kada ya goge, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya sanar da mai unguwa don a faɗa a masallaci. Kada kuma ku dogara da gane suna: a hirar yaron nan, sunan shafin daban, sunan asusun farko daban, na biyun ma sunan mace ne.