Mai zana ledar kilishina na Shomolu, ga yadda aikinsa yake

Kwastomomi da 'yan uwana masu sana'a a Agege sun dame ni da tambayar wa ya yi min sabuwar ledar kilishi, kuma ko ya cancanci a kai masa aiki, to bari in faɗa gaba ɗaya in huta. Ba biyana ya yi ba fa, ni ce ma na biya shi kuma na ji a jikina.

Yaron namu ne, Bahaushe, a nan Legas ya tashi, ya yi karatun zane a Yabatech, wato kwalejin fasaha ta Yaba. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a Shomolu saman gidan masu firintin, in kin sauka a Onipanu sai ki hau keke ki shiga ciki. Wanda ya san Shomolu ya san me nake nufi, kalanda, katin biki, fastar 'yan siyasa, ko'ina inji na ƙara ga janareta ga warin tawada, a cikin wannan hayaniyar yake aiki da kwamfutarsa da wuƙar yanka kwali.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai tambaye ni kalar da nake so ba. Cewa ya yi Hajiya ki zo min da kilishin kansa. Da na kai sai ya ɓalli kaɗan ya ɗora a kan takarda ruwan ƙasa muka ci gaba da hira, kafin in tashi man ƙuli-ƙulin ya zana taswira a jikin takardar, ya ce to kin gani, duk zanen da zan yi miki in dai a kan takarda zalla ne haka zai koma a kanti. Ya kuma sa wani yanki a leda marar kauri ya matse da hannu, gefen kilishin ya huda ta nan take. Wlh shekara da shekaru ina wannan sana'ar ban taɓa ganin mai zane ya damu da kaifin kilishi ba. Daga nan ya zaɓa min leda mai tsayawa da kanta, waje takarda ruwan ƙasa ciki kuma foyil, da zif, sannan a liƙe bakin da injin zafi a saman zif ɗin, da ɗan tsagi a gefe inda mai saye zai yaga. Dalilinsa laimar Legas, musamman da damina, kilishin da zai daɗe ƙalau a Kano, a nan Legas kwana kaɗan sai ya yi laushi har fumfuna ta kama shi.

Mun yi rigima a kan taga. Ni ina son a bar wurin da za a hango naman, shi ya kafe wai haske yana lalata mai, ɗanɗano ya canza. A ledar yaji ya yarda, a ta kilishi ya ƙi ƙememe sai hoto ya sa. Har yau ina ganin da ɗan ƙaramin wurin leƙe da ciniki ya fi, amma dai tunda muka canza ba wanda ya dawo min da kaya wai ya yi wari.

Tunaninsa a kan zane ne ya fi burge ni gsky. Ya ce duk ɗan Arewa da ya zo wajensa abu uku yake nema, dagin Arewa, raƙumi, da jar wuta tana ci, har in ka shiga shago ba ka bambance na wane da na wane. Shi abin da ya duba, Bayarabe ko Inyamurin da zai sayi kilishina a Ikeja ko Lekki a ƙunshe cikin takarda ruwan ƙasa ya san shi, irin tsarabar da ake kawo masa daga Kano ko Abuja, to kar a raba shi da abin da ya sani. Sai ya bar kalar takardar yadda take, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe yadda za ki karanta daga nesa, ya zagaye ƙasan da zanen da ya ɗauko daga aikin hular kube. Kala biyu kacal, saboda in kasuwa ta buɗe aka koma buga zanen a jikin leda kai tsaye ba sitika ba, kowace kala silindarta ta injin bugu daban kuɗinta daban. Bangon ɗakinsa cike yake da tsofaffin gwangwanayen tumatir da kwalin ashana da ledojin biskit, wai ranar da ba aiki sai ya je babban kanti ya tsaya yana kallon inda hannun mutane yake fara zuwa. Ni da na ɗauka zaman banza ne.

Bayan ledar kuma nan ya nuna ya san aikinsa. Ya bar gurbin lambar NAFDAC, ranar da aka yi, ranar lalacewa, lambar rukunin kaya, nauyi da giram, kayan haɗi, adireshi, ya kuma sa gargaɗin akwai gyaɗa a ciki don masu alajin gyaɗa, abin da yawancinmu ba ma ko tunawa. Da na ce ya ɗan manna min bakod, layukan nan da na'urar kanti take karantawa, irin na kowa sai ya yi dariya ya ce masu kwafowa daga intanet ne manyan kantuna suke korowa da kaya, na gaskiya wajen GS1 Najeriya masu ba da lambar bakod ake yin rajista kuma da 615 yake farawa. Yana kuma bin dokokin jihar, tun da gwamnatin Legas ta hana robar tekawe ta soso a Janairun 2024, aka zo aka ƙara da ƙananan ledoji marasa kauri a Yulin 2025, duk mai abincin da ya je wajensa kwali yake nuna masa.

Yanzu ga inda ya ɓata min rai. Mutumin nan akwai jan aiki, gobensa ba ta zuwa, ki tura saƙo a WhatsApp ya karanta ya yi shiru sai dare, ni kuma ga oda tana jirana ga go-silo daga Agege zuwa can in na ce in je da kaina. Sannan jan da ya nuna min a waya mai haske ne, da samfuri ya fito daga inji sai ga shi ya yi duhu kamar zoɓo, sai a lokacin yake min bayanin wai waya da haske take nuna kala, inji kuma tawada huɗu yake haɗawa, to me ya hana ka faɗa tun farko Malam? Ya dai tsaya a kan mai injin har aka gyara kafin a buga da yawa, wannan na yaba. Kuɗinsa ba na wasa ba ne, fiye da rabi yake karɓa kafin ya taɓa komai, gyara in ya wuce wanda kuka yi yarjejeniya sai kin ƙara. Kuma dan Allah ki yi maganar asalin fayil ɗin zanen tun kafin ki biya, domin in ba ya cikin ciniki ba zai ba ki ba, duk ranar da za ki sake bugawa sai kin bi ta hannunsa.

In yau kika fara sana'a kina sayar wa maƙwabta ba sai kin je ba tukuna, shi da kansa ya ce min buga leda kai tsaye sai dubbai, shi ya sa ni ma da sitika muka fara a kan ledar da ba rubutu. Amma in kina son kayanki su shiga kanti su zauna kusa da na kamfani, ki je, ki tafi da haƙuri da kayan naki a jaka. Yanzu haka robar kunun aya ce a gabanmu, ya jiƙa sitika kala-kala a bokitin ƙanƙara yana jiran ya ga wacce za ta fara ɓarewa, ya ce in kira shi jibi.